Shekarar da Baba ya shuka gero a kan hanyarmu

Shekara arba'in ke nan da rasuwar mahaifina, Jatau, mai garin wani ɗan ƙauye a bayan Jiratawa, kuma har yau in na ji mota ta tsaya a ƙofar gida sai gabana ya faɗi. Tsoron nan a wurinsa na gaje shi.

Zamanin Nasara ƙauyenmu gida tara ne, hanyarmu ɗaya tal, siririya, ta ratsa gonaki ta faɗa babbar hanyar Maraɗi. Ta nan gardi, dogarin Nasara, ke shigowa bisa doki, ya ƙirga kawuna, ya zaɓi majiya ƙarfi su tafi aikin tilas. Ranar ƙirga Inna takan tura mu cikin rumbu, ni Usaina da 'yar'uwata Hassana, mu tagwaye ne, mu yi tsit muna jin ƙaiƙayi yana cin wuyanmu. An tafi da ƙanin Baba gyaran hanyar Tibiri, ya dawo da tarin da bai sake shi ba. Daga nan Baba ya rantse ba za a ƙara ɗaukar masa mutum ba.

Da ruwan shuka ya sauka, sai ya fito da kowa aka shuke hanyar kaf. Gero ya tashi ya rufe ta. Ya aika Jiratawa cewa garin ya watse, mun gudu Ingilishi, wato Najeriya. Aka share sunanmu daga takarda. Wallahi mun yi murna! Shekara biyu babu gardi, babu ɓuya a rumbu.

A rani na uku agana ta shigo ƙasar. Motar masu yin lamba, rigakafin wancan zamani, ta zo Jiratawa, ana kiran ƙauyuka ɗaya bayan ɗaya daga takarda. Wa zai kira garin da ya watse? Sai da motar ta koma Maraɗi muka ji labari.

Ni da Hassana rana ɗaya muka kwanta. Ina tuna Inna ta riƙe rigar Baba tana cewa: «Malam, ka kai su Maraɗi!»

Ya ce: «In na kai su, in ce daga ina muke?»

Kwana biyu yana zagaya gida kamar kaza mai neman wurin ƙwai. Tsoron kaso, wato kurkuku, yake ji, da tsoron a kwashe mazan garin gaba ɗaya saboda ƙaryarsa. Rana ta uku ya ɗaura wa jaki mangala. Kafin ya gama, Hassana ta cika.

Ni na tashi, da zanzana a fuska. Bayan sadakar bakwai Baba ya taka da ƙafarsa har ofishin kumandan, Baturen da ke mulkin yankin. Wanda ya raka shi ya ba mu labari cewa Baba ya lissafa mu gida-gida, babba da yaro, bai ɓoye ko jinjiri ba, da ya iso kan 'ya'yansa ya ce «Usaina da…» sai muryar ta tsaya. Wata guda ya yi a kaso.

Yau ɗan kabu-kabu yakan kai ni garin daga Sabon Garin Maraɗi kafin ruwan shayi ya huce. Gidaje sun wuce ƙirgar yatsu. Sau da yawa ina tambayar kaina me Baba zai ce. Ina jin da farko zai firgita da yawan baƙin da ke shiga, sannan ya tambaya ko an yi wa kowane yaro rigakafi. Kuma da zai ji cewa har yanzu akwai masu ɓoye 'ya'yansu a ɗaki in masu allura sun zo, ban san abin da zai yi musu ba. Ni dai kuka nake yi.

Ban taɓa iya cewa ya yi laifi ba, ban kuma iya cewa bai yi ba. Abin da na sani, har ya tsufa, kowace damina shi yake fara fita da hauya ya share hanyar nan. In ƙwayar gero ta tsiro a kanta, da hannu yake tuge ta.