Tambayar da mahaifiyata ta yi a zaman makoki

Shekarun baya, lokacin da kuɗin mai ya sa ake ta tura ma'aikata kwas ƙasashen waje, ina shagon ɗinkina a unguwar Jekadafari sai ga abokin aikin yayana a kan babur. Bai sauka ba. Ya ce jirgin da yayana ya hau zuwa kwas ya rikito daga can sama ya faɗi a hamada, ba wanda ya fita. Na tuna sai da na ƙarasa ɗinkin aljihun da ke hannuna kafin na tashi.

Ba a kawo mana gawa ba, sallar ga'ib aka yi. A zaman makoki kowa da bayaninsa. Wani malamin makaranta ya ce iskar cikin jirgi ce ta fice, kowa ya suma. Maƙwabcinmu direban tirela ya ce ƙarfen wutsiyar jirgin ne ya maƙale, kamar sitiyari ya ƙi juyawa a gangara. Wasu suka ce hadari ne mai tsawa, wasu suka ce ciwo ne ya kama matuƙin.

Duk wanda ya shiga yi wa mahaifiyata gaisuwa, takan bar shi ya gama, sannan ta ce, "To in haka ne, ya samu yin kalmar shahada?"

A wurinmu abin da ake fara tambayar wanda ya ga cikawar mamaci ke nan, mu kuwa ba mu da wanda ya gani. Malamin ya ce in suma ne ai bai ji zafi ba, yana zaton ya sanyaya mata rai. Ta juya fuska bango. Ita ta fi son maganar direban, don a bayaninsa ɗanta yana farke.

Ni da ko filin jirgi ban taɓa shiga ba, na koma bin mutane da tambayar minti nawa jirgi ke yi kafin ya kai ƙasa. Har makanikan tasha na tambaya.

Wata rana mahaifiyata ta ce, "Auta, kai da ka yi boko, wanne ne gaskiya?"

Na ce, "Inna, ban sani ba."

Tun daga nan, in na je ta'aziyya ba na bayani, addu'a kawai nake yi. An ce za a yi bincike a sanar da iyalai. Ta rasu tana jira, ni ma har yau ba a gaya mini ba.