Dattijon da Ya Koyi Faransanci Don Ya Ji Inda Ke Ciwo

Kullum da safe, kafin majinyata su cika bencin bakin ƙofa, mijin ƙanwata yakan ɗaura rigar aiki, ya jiƙa filasta a bokiti, ya jera ƙafafun roba a kan tebur. Haka ya yi shekara da shekaru a asibitin ƙashi har ya yi ritaya. Yara na kiransa Baba Mai Ƙafa. Maimakon ya zauna ya huta, sai ya tafi aikin sa kai a wata cibiyar waɗanda aka yanke wa gaɓa a ƙasar waje, inda Faransanci ne harshen asibiti da na kasuwa. Watan jiya ya dawo.

Da zai tafi, kowa ya ce masa aikin hannu ba ya bukatar baki, ga tafinta, kuma ƙwaƙwalwar da ta haura sittin ba ta ɗaukar sabon harshe. Na daɗe ina jin wannan maganar, galibi daga bakin waɗanda ba su taɓa gwadawa ba.

Wata nas da suka tafi tare ce ta ba ni labarin wata tela, uwar yara uku, da mota ta raba ta da ƙafa daga ƙasan gwiwa. Da keken ɗinki na takawa take ciyar da gidanta. Baba Mai Ƙafa ya haɗa mata ƙafar roba. Duk zuwan da za ta yi, ta bakin tafinta amsarta ɗaya ce: lafiya lau, an gode. Amma yana ganin yadda take cije leɓe in ta miƙe, ga dungulmin ya fara ja. In gyambo ya kama, sai an ƙara yankewa sama da gwiwa, ita da keke kuma sai kallo.

Sai ya shiga ajin yamma na manya masu koyon Faransanci, ya zauna benci ɗaya da direbobi da masu dako. Ƙanwata ta ce masa a waya, "Malam, da furfurarka? Ni fa ban aike ka neman takardar shaida ba." Ya ce, "Ki bar ni, Hajiya. Mutane nake taɓa wa ciwo ban san me suke cewa ba."

Faransancin nasa ya fito a karkace. Ran da ya durƙusa gaban telar ya tambaye ta da bakinsa, dariya ta kama ta har da hawaye. Ta gyara masa, ya maimaita, ta sake gyarawa. Can sai ta kama hannunsa ta ɗora a bayan gwiwarta.

"Nan ne, Baba. Tun ranar farko."

"'Yata, me ya hana ki faɗa?"

"Kyauta aka ba ni. Na zata in na kushe za a karɓe."

A ranar ya goge bakin robar, ya sake mata shimfiɗar ciki. Gyambon bai kama ba. Ta koma kan kekenta.

Baba Mai Ƙafa, kai ne ka yarda majinyatanka su ga gazawarka, su yi maka gyara a gaban jama'a. Wanda ya gyara maka magana ba ya jin nauyin ce maka aikinka ma da saura. Nas ɗin ta ce daga baya har layi ake yi, kowa da ƙorafinsa, kai kuma kana murna.

Da na je yi masa sannu da zuwa na tambaye shi ko ya ƙware. Ya ce, "Ina fa, Yaya! Har na taho suna yi mini dariya."

Mun gode, Baba Mai Ƙafa. Allah Ya saka maka da alheri, Ya ƙara lafiya. Ku kuma masu shirin tafiya taimakon mutanen wata ƙasa, ku ware lokacin zama a aji, komai shekarunku. Akwai masu ce muku "an gode" alhali suna cikin ciwo, kuma ba za su faɗa wa tafinta ba.