Wushiryar Da Ta Zo Mini Da Furfura

Ni ba a haife ni da wushirya ba. Haƙorana a matse suka fito, kamar masara a jikin totuwa, ko zare ba ya wucewa tsakaninsu. Ƙanwata ce mai wushirya. Tun muna 'yan mata a Nguru, in ta yi dariya a gidan biki sai an waiwayo. Ni in na yi, dariya ce kawai. Ban taɓa faɗa wa kowa ina ƙyashi ba. Yanzu da na koyi riƙe biro a ajin yaƙi da jahilci, ga shi na rubuta: na yi ƙyashi, kuma na daɗe ina yi.

Sana'ata banda. In sari kifi wurin masunta, in ƙyafe, in jera a kwali masu manyan motoci su ɗauka zuwa Kudu. Mijina, Malam, ya riga ya rasu lokacin da abin nan ya faru, 'yata ɗaya kuma tana aure a Gashuwa. Zamanin soja ne, lokacin da ake dogon layin mai. Na haura arba'in, furfura ta fara leƙowa ta ƙasan ɗankwali.

Kusa da rumfata akwai wata Babarbariya mai sayar da turaren wuta. Bakinta ba ya hutawa. Wata safiya ta zo tana gaishe ni da yarensu, sai ta tsaya ta ƙura mini ido.

"Wushe, wushe... ke, sake yin dariyar nan in gani."

"Ban yi dariya ba. Me zan yi wa dariya, fuskarki?"

"Wallahi wushirya ce! Tsohuwa da ke, yaushe kika je aka sara miki? Wa kike so ki aura?"

Na ce mata ta je ta ji da hayaƙinta. Amma da na koma gida na ɗauki madubi. Ga ta nan kuwa, siririya, tsakanin haƙoran gaba biyu na sama. Na ce Allah mai iko, abin da na nema ina budurwa ya kawo mini shi ina bazawara. Washegari na sayi fure na goge haƙoran suka yi ja, yadda matan Barebari ke yi, don 'yar ƙofar ta fito sosai. Daga ranar Babarbariya ta canza mini gaisuwa: "Wushe, mai wushirya." Ina zaginta, ina jin daɗi.

Jini yana fita in na yi asuwaki. Ya daɗe yana fita. Na ce mugun jini ne, gara ya fita.

Shekara ta farko tsinken tsintsiya ne ke shiga wushiryar. Ta biyu ƙwayar gero. Kafin in ankara ƙwayar dawa tana wucewa ba ta taɓa ko'ina ba. Kuma haƙoran ba gefe kawai suke yi ba, gaba suke turowa, su biyun da maƙwabtansu biyu, kamar dangar kara da awaki suka jingina da ita. Leɓena ya daina haɗuwa sai na matsa shi da gangan. In ina ciniki yawu ya yi tsalle ya faɗa kan kifi, mai saye ya gani ya yi kamar bai gani ba. Babarbariya ta koma "wushe" kawai. Ranar da na lura ta yanke sauran, ranar na san abin ya ɓaci.

Na je Gashuwa suna, 'yata ta haihu. Da baƙi suka watse ta zaunar da ni.

"Inna, bakin nan naki ba lafiya ba."

"Wushirya ce ta yi yawa. A matse ta kawai."

"To mu je asibiti. An kawo wata likitar haƙori, 'yar bautar ƙasa. An ce har ƙarfe ana sa wa mutum haƙora su miƙe."

Maganar ƙarfen ce ta ɗaga ni. Abin da nake so ke nan: a mayar da haƙorana huɗu ciki, leɓe ya rufu, a bar mini 'yar ƙofata daidai wadda Babarbariya ta fara gani.

Likitar yarinya ce 'yar Kudu, ba ta kai 'yata ba, Hausarta ba ta wuce "sannu Mama" da "buɗe baki" ba. 'Yata ta yi sakandare, ita ce tafinta. Yarinyar ta sa wani siririn ƙarfe tana zura shi tsakanin haƙori da dasashi, ƙarfen yana nutsewa kamar an soka kara a taɓo. Ta kama haƙori ɗaya da yatsu biyu ta girgiza. Ya girgizu. Ta cire safar hannu ta yi magana mai tsawo.

"Me ta ce?"

"Ta ce wannan ba wushirya ba ce, Inna. Ciwo ne. Ƙashin da ke riƙe da haƙoran ne yake cinyewa, shi ya sa suke tafiya."

"Ita ta san wushirya ne? A garinsu akwai?"

"Ta ce akwai. Ta ce wadda aka haifi mutum da ita daban, wadda ta buɗe da girma daban."

"To ta sa ƙarfen."

Suka sake magana. 'Yata ta nemi yadda za ta juya mini.

"Ta ce ba yanzu ba. In aka ja haƙori a kan ƙashin da ba shi da ƙarfi, fita zai yi. Sai an fara wanke bakin tukuna, har can ƙasan dasashi, ba sau ɗaya ba. Ki bar goro, ki bar fure. In jinin ya tsaya bayan wasu watanni, ta rubuta miki takarda ki je Kano a ɗauki hoton ƙashin. In ya yi kyau, can za su sa ƙarfen, shekara biyu kina zuwa duk wata. In bai yi ba, a ɗaure su wuri ɗaya yadda suke, kada su ƙara tafiya."

Duk wannan jawabin kalma ɗaya ce ta zauna mini: wanke. Ni da nake asuwaki kafin kowace salla tun ban san tsarki ba, yarinyar da na haifi wadda ta girme ta za ta ce bakina sai an wanke, kamar tukunyar da ta kwana da miya. Na ce wa 'yata, "Tambaye ta ko ta taɓa ganin asuwaki." 'Yata ba ta tambaya ba. Na gyara mayafina na fito. Yarinyar ta biyo mu har ƙofa tana cewa "Mama, Mama," da wata takarda a hannu. Ban karɓa ba.

Ba zan yi ƙarya in ce fushi ne kaɗai ba. Kano duk wata, jirgin ƙasa ya zama sai an ga dama, hanyar mota kuwa ta karya ƙugu, ga rumfa ba mai zauna mini. Kuma bayan duk wannan wai "in ya yi kyau." Amma da fushi na fito, ba da lissafi ba.

A Nguru, bayan tashar mota, akwai wani mutum mai sa haƙorin Makka. Yana da benci da akwatin gilashi cike da haƙora, na zinare da na roba. Ana cewa a Jidda ya koyo. Hausarsa irin tamu, ya san gaisuwa, ya tambayi kasuwa, ya yi mini ta'aziyyar Malam da ya shekara biyar a ƙasa.

"Hajiya," ya ce, ni da ban je ba, "buɗe mu gani. Masha Allah. Ai wannan wushirya ce ta yi yawa."

Kalmomina ne cif, a bakin wani. Na ji kamar an zuba mini ruwan randa.

"Wata yarinya a Gashuwa ta ce ciwo ne. Wai sai an wanke mini baki."

"Ke Hajiya? Su 'yan boko komai ciwo ne. Ga hanya biyu. Ko in cire huɗun in sa miki na roba yau ɗin nan, ko in ɗaure su su koma da kansu. Ba Kano, ba shekara biyu. Sati uku."

"Ba za a cire mini komai ba. Ɗaure. Amma kada ka rufe duka, ka bar mini kaɗan."

Ya yi dariya. "Wa zai rufe wa mace wushirya? Ai sai Allah ya tambaye ni."

Ya ɗauko wata 'yar roba, zagayayya, ba ta kai zoben jariri ba. Ya buɗa ta ya zura wa haƙoran gaba biyun tare. Shi ke nan aikin. Ya ce in ta gama da waɗannan sai a kamo na gefe.

Ta yi zafi kwana biyu, irin zafin da mutum ke cewa magani na aiki. Cikin kwana goma ƙofar ta ragu da rabi. Na rantse da idona na gani. Na tsaya gaban Babarbariya na yashe baki.

"Kai! Amarya ta dawo. Wa ya yi miki?"

"Wanda ya san aikinsa."

Rannan da safe na duba madubi babu roba. Na koma wurinsa.

"Ta tsinke kin haɗiye da tuwo, Hajiya. Ba komai, roba ce." Ya sa wata.

Ita ma bayan sati ta ɓace. Ban koma ba, don a lokacin haƙoran sun haɗu a sama, kusa da dasashi, amma ƙasansu ya buɗe, kuma sun ƙara tsawo. Kullum sai in ga kamar sun sauko kaɗan. Dasashin ya kumbura ya yi baƙi-baƙi. In na danna, mugunya ta fito. Warin kuwa, ni da nake yini cikin hayaƙin kifi, ina jin sa. Na daina cizon komai. Goro sai na daka shi a turmi. In zan yi sujada sai in ji su suna lilo a bakina.

Na yi wata biyu a haka ban gaya wa 'yata ba. Na kurkure da ruwan gishiri, na kurkure da bagaruwa, na sa kanumfari. Babarbariya ce ta aika mata saƙo ta hannun wani direba, ba da sanina ba. 'Yata ta zo da goyo ta tasa ni gaba zuwa Gashuwa. A mota ba ta yi mini faɗa ba. Da ta yi faɗa da ya fi mini sauƙi.

Yarinyar likita ta gama bautar ƙasarta ta koma garinsu. Ba a kawo wata ba. Wanda muka tarar wani dattijo ne Babade, ɗan asalin garin, ma'aikacin ɗakin, shi aikinsa cirewa da wankewa. Ya duba, ya taɓa da ɗan yatsa, ya ce, "Iya, wa ya taɓa miki bakin nan?"

Na faɗa masa.

"Robar ina take?"

"Na haɗiye."

Ya yi mini allura a dasashi. Haƙori na farko ko jan kirki bai yi ba ya taho, kamar an tuge albasa a jiƙaƙƙiyar ƙasa. Na biyu ma haka. Ya sa su a wani ƙaramin kwanon ƙarfe ya kawo gaban idona.

"Duba nan, Iya."

A can ƙarshen saiwar, robobi biyu ne a naɗe, sun yi baƙi. Ba inda suka je. Haƙori sama-sama yake sirancewa, sai robar ta yi ta silalewa ta shige ƙarƙashin dasashi, tana tafiya tana yanke duk abin da ke riƙe da shi. Haka ya bayyana mini, da Hausa, ba tafinta.

"Na gefen fa?" in ji 'yata.

"Ƙashin da ke tsakani ya tafi. Zan wanke su, amma ba zan yi muku alkawari ba. Wataƙila su kai Babbar Salla."

"Da ta yarda an wanke tun wancan karon?"

Na ce, "Ke, rufe bakinki." Amma ya riga ya amsa.

"Da wataƙila tana da su. A karkace, amma nata."

Na tambaye shi ƙarfen nan na Kano. Ya dube ni, ya ce ƙarfe haƙori yake kamawa, Iya. Na tambayi na roba. Ya ce sai wurin ya warke, sai na gefen sun yanke shawararsu, kuma dasashin da ya lotsa haka ba ya riƙe roba da kyau, ana magana tana faɗowa. Ya wanke sauran bakin ranar. Abin da ya kankaro daga ƙarƙashin dasashina, baƙi, mai tauri kamar ƙanzo, na gan shi a kan auduga. Ashe akwai abin wankewa.

Na gefen ba su kai Babbar Salla ba. Ɗaya ya fita a cikin ɗumamen tuwo, ɗayan ni na cire shi da hannuna. Mai haƙorin Makka yana nan a bayan tasha har shekaru bayan haka. Ban je na yi masa rashin mutunci ba. Me zan ce? Abin da na je nema ya ba ni, sunan da na raɗa wa ciwon da bakina shi ya maimaita mini.

Amma ranar da aka cire biyun farko nake so in ƙarasa. Mun fito, auduga cike da bakina, 'yata ta tafi neman mai acaɓa. Na zauna a gindin katangar asibitin. Sai ga wani jan gwada a kan katangar, ya tsaya daidai fuskata yana gyaɗa kai. Kafin in yi tunani hannuna ya kai bakina ya rufe. Tun muna yara ake ce mana in ka yi giɓi kada ka bari ƙadangare ya gani, in ya gani haƙorin ba zai sake fitowa ba. Na daɗe a haka, tafi a kan baki, mace mai jika.

Da na tuna ba abin da zai fito, na sauke hannun. Na tofar da audugar, na bar shi ya kalla.