Ungozomar da Aka Rufe wa Asibiti

Ana idar da sallar asuba muka bar Katsina, mu uku: ni da ƙanwata da wata abokiyar aikina ta gidan rediyo. Ta'aziyya za mu je Batsari. Hajara ce ta rasu, ɗiyar gwaggonmu, wadda muka tashi ɗaki ɗaya da ita kafin aure ya kai ta wani ƙauye gaba da Yasore. Wajen haihuwa ta tafi, jaririn ya rayu.

A tasha muka tarar kuɗin mota ya sake ƙaruwa. Direba ya ɗora laifin a kan tsadar mai, mu da ba mu da wanda za mu ɗora wa muka shiga, huɗu-huɗu a kujera. Ba mu kai shingen jami'an tsaro na farko ba wasu dattawa biyu suka kama musu, ɗaya na jam'iyya mai mulki, ɗaya ɗan adawa. Suka fara da rufe iyakar Nijar da aka taɓa yi, suka gangaro kan tallafin da Turawa suka janye. Na gwamnati ya ce gara haka, mun huta da roƙo. Ɗan adawa ya ce ai ko roƙon ma ba ku iya ba. Wata tsohuwa mai kwandon daddawa a bayana ta ce, "To mu yanzu ina za mu riƙa kai 'ya'yanmu awo?" Nan ne kawai na ga bakinsu ya zo ɗaya. Suka ce, "Inna, bari, maganar duniya muke yi." Na yi murmushi, amma na ji kunya, domin ni ma sana'ata ke nan. Duk mako ina sharhi kan manufofin ƙasashen waje, kuma ban taɓa gayyatar mai daddawa ba.

Gonakin bakin titi an girbe su, ga dammunan gero an jingine. Waɗanda ke can ciki kuwa ciyawa ce ta cinye su, saboda ba mai kai kansa inda 'yan bindiga ke yawo. Da hantsi muka sauka Batsari, muka sayi dafaffen rogo da ƙuli wanda har muka bar garin ba mu ci ba.

Gwaggo na zaune a tsakar gida, jaririn a cinyarta. Muka durƙusa muka gaishe ta, muka yi mata ya haƙuri. Sai da mata suka ragu ta ba mu labari. A ƙauyen su Hajara akwai ɗan asibiti mai ɗaki biyu, wata ƙungiyar ƙasar waje ce ke kawo magani tana kuma riƙe da ungozoma. Da gwamnati ta sauya can ƙasarsu, aka tsayar da komai, aka sa kwaɗo a ƙofa. Naƙuda ta kama Hajara bayan la'asar, lokacin da babu mai babur ɗin da zai yarda ya hau hanya. Ta haihu a gida, jini ya ɓalle. Ko da aka iso da ita Batsari washegari, rai ya yi halinsa.

"Haihuwarta uku a hannun ungozomar nan," in ji Gwaggo, "ko ciwon kai ba ta yi ba. Ku je Safana ku ga ungozomar, can ta koma. An ce tun da ta ji ba ta cin abinci."

Ba mu yi shirin zuwa Safana ba, amma muka tafi. Motar ta fi ta safe tsufa, ƙofarta da igiya aka ɗaure. Babu mai musun siyasa a ciki. Duk inda daji ya yi duhu sai kowa ya kama jan carbi.

Mun sami ungozomar a gidan wanta, tana suyar awara a soro. Mace ce doguwa mai furfura, ana ce mata Malama Rabi. Da na faɗi ko mu su wane ne, ta ajiye matsami ta rufe fuska da mayafi. Daga baya ta shiga ɗaki ta fito da akwatin aikinta, almakashi da safar hannu da abin awon jini, komai a goge.

Ta ce, "Allurar da za ta tsayar da jinin nan na san ta, na yi wa mata ba adadi. Da ina nan, da yardar Allah, ba a kai ga haka ba."

Na tambaye ta ko ta kai kuka. Ta ce ta je wurin jam'iyyun duka biyu. Na mulki suka ce Turawa ne suka gudu, ba su ba. 'Yan adawa suka ce ta bari su hau tukuna. A taron mazaɓa an shimfiɗa wa mata tabarma a waje, ba a neme su ba sai da aka zo guɗa. Ta ɗaga hannu har ya gaji. Da aka tashi aka ba ta atamfa mai hoton ɗan takara.

Na ce mata zan yi magana a kan wannan a shirina. Ta dube ni ta ce, "Malama, kun daɗe kuna magana a madadinmu. Kunna wayar nan in faɗa da bakina."

Na kunna. Ba ta zagi kowa ba. Ta ce wanda ya ba ka taimako yana iya janyewa ran da ya ga dama, amma matan nan ba Turawa suka yi wa layin zaɓe ba. Sannan ta shiga kiran sunayen matan da suka rasu tun da aka rufe asibitin, kowace da sunan mijinta da unguwarsu. Hajara ce ta ƙarshe. Ƙanwata ta tashi ta fita waje.

Muka biyo ta Dutsin-Ma don mu riga rana faɗuwa, muka shiga Katsina ana kiran magariba. Abin da na koyo a tafiyar nan bai da daɗi. Hukuncin da ake yankewa a wata ƙasa mai nisa, mu kuma mu mai da shi abin musu tsakanin jam'iyyu, a jikin mace yake sauka, kuma ita ce ba a tambaya. Na shaida wa shugaban sashenmu cewa wannan makon ba zan yi sharhi ba, muryar Malama Rabi zan sa daga farko har ƙarshe. Ya ce in saurara tukuna in rage tsawonta. Sau biyu ina kunnawa, ina zuwa wajen sunayen sai in kashe. Ban ga wadda zan cire ba.