Jakar da Auwal Ya Ƙi Saki

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Sun kashe Auwal.

Da safiyar yau labarin ya iske ni, ina tsaye a bakin shagona na ɗinki a Kawo, mabuɗi a hannu. Yayansa ne ya kira. Ko sallama bai yi ba, ya ce, "Sani, Auwal ya cika kafin asuba. 'Yan ƙwacen waya ne suka sare shi jiya a Mando." Na ce wane Auwal? Sai ka ce ina da wani Auwal ɗin bayan shi.

Waɗanda ba su san shi ba, Auwal Mai Turi nake nufi, mai ɗan shagon nan a Rigasa inda ake tura karatu da wa'azi da fim a memori, ana kuma gyaran kwamfuta. Abokina ne tun muna firamare. Mutum ne siriri, mai yawan dariya, mai taurin kai kamar me.

A hanyar gidanmu suka sare shi, kuma kayana ne a cikin jakarsa. Shi ya sa nake wannan rubutun.

Bari in faɗa muku abin da ke cikin jakar.

Mahaifina, Malam, ya yi shekaru yana tafsiri a zauren gidanmu na Katabu duk watan azumi, wani ɗalibinsa yana naɗa a kaset. Da Malam ya rasu, kaset ɗin suka zauna cikin kwali a ƙarƙashin gadon mahaifiyata, Inna. Zafi ya ci nasa, danshin damina ya ci nasa. Yanzu idon Inna ya yi rauni, ba ta iya duba Alƙur'ani. Ta ce min abu ɗaya take so kafin azumin bana, ta sake jin muryar mijinta yana karatu.

Na ɗauki kwalin na kai wa Auwal. Ya ɗaga kaset ɗaya zuwa haske, ya juya shi da biro, ya girgiza kai. Ya ce, "Ɗan Malam, waɗannan sau ɗaya ya rage musu su juya. Wasu ma sai na haɗa zaren da salatif. Abin da na kwasa a karon farko shi ke nan, ba na biyu."

Haka kuwa aka yi. Duk wanda ya kwashe, zaren ya tsinke ko ya naɗe a cikin rediyo.

Ni da wayona na je na sayo filash a hannun masu talla a cikin cunkoson mota. An rubuta a jikinsa wai zai ɗauke duniya da abin da ke cikinta. Na miƙa masa ina taƙama. Auwal ya soka shi a kwamfuta, ya yi 'yan danne-danne, sai ya fashe da dariya har da riƙe ciki.

"Tela, an ɗinka maka riga da takarda an ce shadda ce! Wannan zai nuna maka ya karɓa, ranar da ka zo buɗewa ka ga wayam."

Ya ɗauko guduma ya farfasa shi a gabana. Na ce kai, kayana! Ya ce ya san ni, in ya bar min shi sai na ba wani kyauta na ja masa kuka.

Sai na ce to a sayi SSD, tunda na ji ana cewa shi ne mai sauri. Ya kalle ni ya ce, "Tsere Inna za ta shiga?" Ya zaunar da ni ya yi min bayani. Ya ce SSD na aiki ne, na cikin laftof ɗin da ake kunnawa kullum. Amma abin da za a ajiye a ɗaki shekara da shekaru ba a jona shi da wuta ba, shi dai ya fi yarda da hard disk mai juyawa. Ya ce aibinsa ɗaya, ba ya son faɗuwa, a riƙe shi kamar ƙwai.

Ya ce in sayi biyu. Na ce ɗaya ya isa. Bai ja da ni ba, ya dai kalle ni ya ci gaba da aikinsa.

Ko a kan manhajar da za ta kunna karatun sai da muka yi rigima. Wadda ke laftof ɗina tana da kyau, tana ta walƙiya, ni ina sonta. Auwal ya goge ta ba tare da ya tambaye ni ba, ya sa wata mara kwalliya, kyauta, wadda ke buɗe kowane irin fayil kuma ba ta sako talla. Ya ce, "Ana tsakiyar Suratul Kahfi a sako wa Inna tallan caca da mata suna rawa? Ba da hannuna ba."

Haka yake. Yaro ya zo shagonsa ya ce a tura masa bidiyon haɗarin mota ko na wanda aka yanka, sai ya miƙa masa memorinsa ya nuna masa ƙofa.

Ganinmu na ƙarshe ranar Juma'ar da ta wuce ne, bayan an sauko masallaci. Na same shi da abin sauraro a kunne, awara ta huce a gefensa bai taɓa ba. Ya ce saura kaɗan ya gama. Na ce in ya gama zan zo in karɓa. Ya ce, "Kai? Ka sa a aljihun baya ka zauna a kai? Ni zan kai wa Inna da kaina, in nuna mata inda za ta danna."

Jiya da azahar ya kira ni yana murna. Ya ce, "Na gama. Ka ce wa Inna ta dama fura, kafin magariba ina nan."

Inna ta dama. Muka jira har aka kira magariba. Na kira wayarsa, a kashe. Na ƙara kira, a kashe. Har tsaki na yi, na ce halinsa ne, ya zauna gyaran kwamfutar wani ya manta da mu. Inna ta rufe furar da faifai ta ce a bar masa.

Ashe lokacin yana kwance a asibiti, ba waya a jikinsa, ba wanda ya san ko ɗan gidan wane ne.

Direban adaidaitan da ya kai shi asibiti ya zo jana'iza, shi ya ba ni labari. Ya ce bayan la'asar ne, rana tsaka, mutane cike da titi. Auwal ya sauka a Mando zai canza mota zuwa Katabu. Wasu samari su uku a kan babur suka sha gabansa, ɗaya da wuƙa, ɗaya da adda. Suka ce waya. Ya ciro ya ba su. Sai mai addar ya kama igiyar jakar.

Direban ya ce, "Wallahi Malam, nan ya ƙi. Ya rungume ta a ƙirji yana cewa, ba kuɗi ba ne, karatu ne, karatun mutane ne!"

Suka sare shi a hannu, bai saki ba. Suka ƙara sara, har yatsunsa biyu suka rataya, bai saki ba. Sai mai wuƙar ya soka masa a ciki ya murɗa. Da ya durƙusa suka fizge jakar, suka zuge, suka ga ba waya ba kuɗi, sai wani baƙin abu kamar sabulu. Suka maka shi a kwalta suka ja babur.

Abin da suka kashe shi a kai, ko ɗauka ba su yi ba.

Ɗaya daga cikinsu ya zamo daga babur ɗin, jama'a suka rufe shi. Da katako, da dutse, da bulo. Suka fasa masa kai, suka karya masa ƙafa, wani ya mirgino taya, wani ya tsiyayo fetur. 'Yan sanda suka iso kafin a ƙyasta ashana.

Duk wannan abin da ake yi, Auwal yana gefe a kwance jini yana malala zuwa kwata. Direban nan ne kaɗai da wata mai gasa masara suka kula shi. Ita ta cire mayafinta ta ɗaure masa ciki. Sauran jama'a, waɗanda ba sa duka, waya suka ɗaga suna ɗauka.

Na ji bidiyon yana yawo. Mutum biyu sun riga sun turo min, ban buɗe ba, kuma na toshe su. Duk wanda yake da shi a wayarsa, don girman Allah ya goge. Mutumin da kuke kallo yana shure-shure a ƙasa bai taɓa yarda ya tura irin wannan a memorin kowa ba. Ku ji kunya mana.

Ina cikin fushi, ba zan ɓoye ba. Na yi fushi da waɗanda suka sare shi, na yi fushi da waɗanda suka tsaya kallo, har shi kansa Auwal na yi fushi da shi. Me ya sa ba ka saki ba?

Bayan mun dawo daga maƙabarta direban ya miƙo min wata leda. Ya ce ya tsince shi a titi. Hard disk ɗin ne, gefensa a fashe, jini ya bushe a jikinsa, ga farar takarda a manne da rubutun Auwal: Tafsirin Malam, na Inna. Na shiga shagonsa na jona a kwamfutarsa. Sai ƙas, ƙas, ƙas yake yi, bai buɗe ba. Kaset sun ƙare, wannan ya mutu. Na zauna a kujerarsa na yi kuka, ina tunanin da wane baki zan gaya wa Inna an rasa Auwal, an kuma rasa muryar Malam gaba ɗaya.

Sai yayansa ya leƙo ya ce matar Auwal, Maryam, tana son magana da ni.

Na tsaya a bakin ƙofar ɗakinta, tana bayan labule, muryarta ta dushe. Na yi mata gaisuwa. Ta turo wata babbar kwalla ta waje, irin ta jeren kabat, ta ce, "Malam Sani, buɗe. Naku yana ciki."

Na ɗaga murfin. Hard disk ne a jere, kowanne an naɗe shi da tsohon zanen goyo, kowanne da sunan mai shi.

Ta ce, "Haka yake yi. Duk aikin amana sai ya yi biyu. Ɗaya ya kwana a ɗakina kafin ya fita da ɗayan, wai shago ana iya fasawa, ana iya gobara. Naku da ka ce ɗaya ya isa, nasa ya goge ya zuba muku."

Na ce mata to in ya san akwai wani a gida, me ya hana shi sakin jakar?

Ta ce, "Ya ce ya yi wa Inna alkawari kafin magariba. Kuma ai ka san shi. Kayan mutane ko ni na ja ba ya saki."

Ɗazu da yamma na kai wa Inna. Na riƙe shi da hannu biyu tun daga Rigasa har Katabu. Na jona, na buɗe manhajar nan tasa mara kwalliya, na danna fayil na farko. Ina jiran in ji gyaran muryar Malam.

Muryar Auwal ce ta fito.

"Bismillah. Kaset na farko, gefen farko, Suratul Baƙara. Inna, in kin ji ni to ya yi, ga Malam nan."

Ashe haka ya yi wa kowane kaset. Ya san Inna ba ta ganin rubutu, shi ne yake faɗin sunan surar da bakinsa kafin karatun ya fara, don ta san inda take ba sai ta nemi kowa ba.

Malam ya yi gyaran murya ya ja a'uziyya, muryar da Inna ta yi shekaru tana jira. Sai ta ɗaga hannu ta ce, "Tsaya, Sani. Mayar min baya." Na ce ai yanzu ya fara. Ta ce, "Ba Malam ba. Yaron nan nake son in ƙara ji."

Na mayar. Ta ce in ƙara, na ƙara. Furarsa tana nan a rufe a gefen gadonta.

Auwal ya bar matarsa da 'yarsa ƙarama wadda ko magana ba ta gama iyawa ba. Maryam ta ce wayarsa ta tafi da duk abin da suke da shi na muryarsa. Mutumin da ya ajiye wa kowa nasa biyu-biyu, bai ajiye nasa ba. Zan sa a yanko duk wuraren da ya yi magana a gaban karatun Malam, in kai wa yarinyar, ta girma ta ji yadda ubanta yake cewa bismillah. Kuma biyu zan saya.

Ya Allah, Ka jiƙan Auwal, Ka karɓi jininsa a matsayin shahada, Ka haskaka kabarinsa da karatun da ya mutu yana rungume da shi. Ka haɗa shi da Malam a Aljanna. Ka ba Maryam haƙuri, Ka raya 'yarsa cikin aminci. Waɗanda suka sare shi, Ka tona asirinsu, Ka isar mana.

Kai da ka karanta har nan, kar ka wuce haka. Ka tsaya ka yi masa addu'a da sunansa, Auwal, ko da sau ɗaya ne. Allah Ya sa mu ma a samu masu yi mana.