Najuji da Ɗakin Sanyi

Shekara ashirin da wani abu Najuji ya yi yana kwasar abin da mutane suka zubar. Sunansa na yanka ya daɗe da ɓacewa a unguwa. Kullum da hantsi zai tura baronsa zuwa bayan kasuwa, ya kwashi ɓawon ayaba da ruɓaɓɓen kabeji da kashin kaji daga wajen masu fiɗa, ya kai wani fili a gefen lambunan unguwa. Can yake jera su hawa-hawa, ya barbaɗa toka, ya yayyafa ruwa, ya rufe da buhuna, yana juyawa da cebur duk bayan kwana goma. Kafin wata uku abin ya zama baƙin taki mai laushi, masu lambu suna rububinsa. Da wannan sana'a ya aurar da 'ya'ya biyu, ya yi wa ɗakinsa rufin kwano.

Ba shi da ƙyanƙyami ko kaɗan. Yakan cusa hannu cikin tulin har gwiwar hannu don ya ji ko ya ɗauki zafi. Matarsa ta ware masa bokiti da sabulu a ƙofar gida, takan ce, "Malam, kai na aura, ban auri ƙudajenka ba. Su jira ka a waje."

Yana da ƙanwa guda, wadda mijinta ya rasu ya bar mata yara huɗu da ɗan lambun tumatir da tattasai. Ita kaɗai yake ba taki kyauta, har ya kai mata bakin lambu.

Wata shekara aka ce wata ƙungiya daga ƙetare ta ba da tallafi don noma mai ɗorewa da wadatar abinci a unguwanni. Wanda ya rubuta takardar neman tallafin, wani mai farar riga da yawan murmushi, shi ya zama Manaja. Ya raba wa masu lambu huluna, ya ba Najuji koriyar rigar aiki da takalmin roba wanda ya matse masa yatsu. Aka kwashe su zuwa otal taron bita na kwana uku, wani malami ya tsaya yana koya musu yadda ake haɗa taki. Da aka haska hoto a bango, Najuji ya ƙura ido, sai ya ga tulinsa ne, har da ceburinsa mai karyayyiyar ƙota a jingine. Ya ci naman da aka raba, ya dawo gida.

Amma akwai abu ɗaya na gaske a cikin shirin, wato ɗakin sanyi. An gina shi a bakin lambuna, fari fat, da farantai masu zuƙar hasken rana a samansa. Duk mai lambu ya san ciwon kakar tumatir, lokacin da kaya ke cika kasuwa, mutum ya sayar a wulaƙance ko ya zubar. Ƙanwar Najuji har rawa ta taka ranar da aka sa ƙofar.

Manaja ya tara masu lambu ya ce masu ba da tallafin za su zo buɗe ɗakin nan da mako guda, don haka kowa ya kawo abin da ya tsinka a cika shi, baƙi su ga albarka. Ƙanwar ta tsinke lambunta kaf, ta ɗaura jan ƙyalle a kunnen kowane kwando don kada ya ɓace mata. Aka shigar da kaya, aka danna kwaɗo, Manaja ya jefa makulli a aljihu.

Mako ya cika, aka ce baƙi sun ɗaga tafiya. Wani makon ma haka. Ƙanwar ta je ofis ta ce a ba ta ko rabin kayanta ta kai kasuwa, yara na jiran abinci.

"Haba Yaya," in ji Manaja, "kayanki suna can suna hutawa cikin sanyi. Ko ni ban samu irin wannan gatan ba."

Ana gobe baƙi za su iso, Manaja ya sami Najuji a filinsa da safe. "Baba, ɗan aiki ne ya taso. Ɗauko baronka, amma kada ka gaya wa kowa."

Da aka buɗe ƙofar, wani ɗumi mai ɗoyi ya bugi fuskarsu. Ashe batiran da za su riƙe injin sanyaya ɗakin ba a taɓa haɗa su ba, suna nan a kwalayensu a lungu, kuma Manaja ya sani tun ranar farko. Tumatir ya zagwanye, ruwansa ya bi ta gindin kwanduna ya kwanta a ƙasa, yana kumfa. Alayyafo ya koma baƙin kunu. Tsutsotsi farare tas suna ta motsi a kan tattasai, har ana jin ƙarar cinsu. Najuji ya hango jajayen ƙyallaye a jere, sun jiƙe sharkaf. Ya fita ya tofar da yawu.

Manaja yana daga nesa, ya danne hanci da hankici. "Ai ba asara ba ce, Baba. Taki za ka yi da shi. Wannan ita ce ɗorewar da muke ta faɗa, ba a zubar da komai."

Najuji ya dube shi daga sama har ƙasa. Ya so ya ajiye cebur ya tafi, amma rijiyar da unguwa ke sha tana kusa, ga ƙudaje sun fara taruwa. Ya naɗe hannun riga. Sawu goma sha bakwai ya yi da baro. Kafin la'asar an wanke ɗakin, an fesa turare, mota ta kawo sabon tumatir daga kasuwa, aka jera a gaba, aka ɓoye manyan ƙanƙara a bayan kwanduna don ɗakin ya yi sanyi.

Washegari baƙi suka zo, aka yanka zare, aka tafa. Shugabarsu, wata dattijuwa mai tabarau wadda ba ta jin yaren unguwar, ta nemi a kawo mata mai takin nan da ta gani a hoto. Ta tambaye shi ta bakin Manaja yadda shirin ya taɓa rayuwarsa.

"Gaya mata ta biyo ni," in ji Najuji.

Ya kai su filinsa, ya yaye buhu. Warin ya sa baƙin suka ja da baya. Ya nuna tulin da cebur. "Wannan tumatirin ƙanwata ne da na maƙwabtanta. A ɗakinku ya ruɓe. Wanda kuka gani a ciki jiya aka sayo shi. Faɗa mata haka."

Manaja ya gyara murya, ya yi dogon bayani cikin harshensu yana murmushi. Dattijuwar ta dafa ƙirji, idonta ya kawo ruwa, ta riƙe hannun Najuji biyu-biyu tana girgizawa. Sauran suka yi tafi, masu hoto suka yi ta haska shi. Ya buɗe baki zai sake magana, aka ce lokacin cin abinci ya yi.

Da yamma ya ninke koriyar rigar, ya ɗora takalman a kai, ya ajiye su a ƙofar ofis. Daga nan ya wuce gidan ƙanwarsa ya gaya mata komai, bai rage ba. Ba ta yi kuka ba. Sai ta ce, "Yaya, kwandunan fa? Na aro ne guda shida."

"Na wanke su, suna shanye a gidana."

Bayan wata biyu aka ji an ƙara wa shirin wa'adi na shekara uku. Manaja ya aiko sau biyu, Najuji ya ce a gaya masa yana da aiki. Ƙanwar ta sayar da tunkiyarta ta sayi iri, ta sake shuka. Da tumatirin ya nuna, ta yanyanka shi ta shanya a tabarma a kan rufin ɗaki. Masu lambu da yawa suka yi yadda ta yi. Ɗakin sanyin kuwa yanzu kujerun taro ake ajiyewa a ciki.