Akwatinmu da Adama

A dogon hutun damina na shekarar 2007, wata Asabar bayan azahar, aka kawo wuta unguwarmu a Nguru, yara suka ɗauki ihu tun daga bakin layi har cikin gidaje. Ina tsakar gida ina tankaɗen garin tuwo, na yar da rariyar na ruga falo ko hannu ban wanke ba, don kwana uku ke nan muna jiran ta. Yaya Sani ne ya taho mana da faifan wani fim ɗin Koriya mai dogon zango daga Kano, labarin 'yan makarantar sakandare. Lokacin ba mu san masu fassarar Hausa ba; rubutun Turanci ne ke gudu a ƙasa. Ni da na gama aji biyar sai na zama tafinta: abin da na kama in faɗa, wanda ya wuce ni in ƙirƙiro, ba mai kama ni. Mun cika ledar falon har bakin ƙofa, har da kakarmu Iya, wadda ta ce ita iskar fanka ce ta kawo ta, ba yaren da ba ta ji ba.

Ana cikin tafiya aka nuno wata 'yar masu kuɗi mai jan baki ta ɗauki kwanon abincin wata 'yar talakawa ta juye mata a kan tebur, a gaban aji. Ƙannena suka hau tsine mata, Yaya Sani yana cewa da shi ne sai ya yi mata dukan kawo wuƙa. Iya kuwa ta miƙa carbinta wajen talabijin ta ce, "Ku bar mai jan bakin nan. Ku dubi ta bayan can da ta sunkuyar da kai. Ɗazu ba tare na ga suna tafiya da wadda aka juye wa abincin ba?" Kowa ya yi dariya, wai Iya ta fi mu bin labarin. Ni ban yi ba.

Ina da shekara goma sha biyu aka kai ni makarantar kwana ta 'yan mata a wajen Gashuwa, a bayan a-kori-kura, da akwatin ƙarfe da bokiti da fartanya da tsintsiya. 'Yar gata ce ni a gida, ko murhu ban iya hurawa ba, ga baki kamar me. A makon farko na zubar da ruwan wata siniya sau biyu a hanyar famfo, na zauna ina kuka. Adama ce ta ajiye nata bokitin ta naɗa min gammo da ɗankwalinta, ta nuna min yadda ake tafiya ruwa bai fantsala ba. 'Yar ajinmu ce, siririya, daga wani ƙauyen Bade a bakin kogi, Hausarta tana ɗan karkacewa. Idan aka raba mana kunya a gonar makaranta, ta gama tata ta dawo ta kama min tawa, tana cewa, "Ke Binta, wake kike cirewa, ga ciyawar can." Ni kuma na riƙa koya mata Turanci da ɗan abin da na sani. Da yamma mu yi carafke da duwatsu a gindin darbejiya, kullum ita ke cinye ni, kullum in ce ta yi maguɗi.

Akwai wata al'ada a makarantar da ake kira haɗa akwati. Idan biyu suka aminta, sai su zuba kayan abincinsu a akwati ɗaya, su sa kwaɗo ɗaya, kowacce ta rataya makulli a wuya da zare. Ba ƙaramin abu ba ne. Wasu har su gama makaranta ba su sami wadda za su haɗa da ita ba. Mu tun zango na biyu muka haɗa. Nawa garin kwaki ne da sukari da madarar gwangwani da dabino daga shagon Baba. Nata bandar tarwaɗa ce da mahaifiyarta ke yi da hannunta, da dakakken yajin barkono mai sa hawaye. Ranar da aka yi mana tuwon da ko kare sai ya yi shawara kafin ya ci, mukan zaga bayan ɗakin kwana mu jiƙa gari, mu marmasa kifi a kai. Na ci abinci a wurare da yawa tun daga lokacin, ban sake jin ɗanɗanon nan ba.

Ban san wadda ta fara ba, amma a aji biyu aka laƙaba wa Adama suna Ƙarni. Ta shigo aji a toshe hanci, ta taɓa littafin wata a goge shi da gefen hijabi. Masu yin ba wasu 'ya'yan attajirai ba ne. Yara ne irinmu, masu faso a ƙafa, da yawansu ma kifin nan ne ya biya musu kuɗin makaranta. Adama dai ta daina ɗaga hannu a aji, ta koma bencin ƙarshe. Ni kuma na fara jin tsoro kada sunan ya shafe ni, na riƙa jan jiki idan da mutane, in matso idan yunwa ta zo.

Wata Asabar da safe ana duba tsabtar ɗakuna, siniyar da ke kula da ɗakinmu ta tsaya a kan akwatinmu ta ce a buɗe. Ta ɗago ƙunshin kifin da yatsu biyu ta nuna wa ɗaki, aka bushe da dariya. Ta juyo gare ni ta ce, "Au, Binta, ashe ke ma Ƙarnin ce? Tare kuke ci?" Ba wanda ya ɗaga min hannu, ba a ce za a hukunta ni ba. Bakina ne kawai ya buɗe ya ce, "Wallahi Sista, ajiya ta ba ni. Ni ban taɓa ci ba." Har da wallahi. Adama ta dube ni sau ɗaya, ta karɓi kifin ta kai bola kamar yadda aka umarce ta. Da na dawo daga wanki da rana, na tarar da makullinta da zarensa a kan filona, ta kwashe ɗan ƙullin yajinta. Zangon ya ƙare ba mu yi magana ba. Kullum ina cewa gobe zan same ta, sai in ga da mutane. Da aka dawo hutu gadonta ya zama na wata. Aka ce an mayar da ita makarantar jeka-ka-dawo kusa da garinsu, ban kuma san sunan garin daidai ba, don ban taɓa tambayarta ba.

Shi ya sa fim ɗin nan ya kama ni, ya kuma ba ni haushi. Sun iya nuna shirun aji, da yadda yarinya ke ƙanƙancewa har ta daina son a kira sunanta. Wannan kam kamar a makarantarmu suka zauna. Amma sun mayar da muguntar ta masu kuɗi da manyan motoci, yadda mai kallo zai tsine musu ya tashi da zuciya fara. Sun kawo wani kyakkyawan saurayi mai ceto, mu kuwa ko malamar ajinmu ba ta lura ba. A kashi na ƙarshe yarinyar ta rama, mai jan baki ta durƙusa tana kuka, falonmu ya ɗauki tafi. Ni ina zaune ina jiran a sake nuno ta bayan can, in ga yadda ta ƙare, ko ta nemi gafara, ko an yafe mata. Har rubutun ƙarshen fim ya hau ba su waiwaye ta ba.

Yanzu 'yata tana kallon irinsu a waya, da fassarar Hausa, ba ta bukatar tafinta. Iya ta daɗe da rasuwa, falon ma an rushe shi an yi shaguna. Nakan ji 'yar tawa tana tsine wa muguwar, sai in ce mata ta riƙa duba na baya. Duk sanda hanya ta bi da ni ta Gashuwa nakan sa a tsaya wurin mata masu kifi, in yi ta ciniki ina duban fuskoki, har direba ya gaji ya yi ta hon. Ina kewar Adama, kuma ina jin kunyarta har yau. Akwatin ya yi tsatsa an yar, kwaɗon ya ɓace tuntuni. Makullan dai suna cikin gwangwanin allurata, duka biyun.